Daren Zari-ruga a Wani Gidan Kallo na Samaru: Yadda Aka Gabatar da Tarihin Martin Offiah

Wani gidan kallon ƙwallo da ke Samaru, a cikin layukan da ke tsallaken titi daga babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɓullo da wani tsari na raya dararen da babu babban wasan Turai, waɗanda a da bencuna ke kwana babu kowa a kansu. Maimakon a rufe ƙofa ko a saka fim, mai gidan ya keɓe waɗannan darare ga ƙwallon zari-ruga, irin wadda ake bugawa da 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wadda ake kira lig. Ba wasan kai-tsaye ake nunawa ba. Tsofaffin wasanni ne aka tattara, aka jera su bisa tarihin ɗan wasa guda tun daga farkonsa har ritayarsa, sannan aka samu mai sharhi da ke tsaye a gefen allo da lasifika a hannu yana bayani da Hausa. Wanda aka buɗe shirin da shi shi ne Martin Offiah, ɗan wasan gefe da aka haifa a unguwar Hackney ta birnin Landan a ƙarshen shekarar 1965, iyayensa kuma 'yan Najeriya ne. Na bi shirin har ƙarshensa, kuma hukuncina shi ne ya cancanci kuɗin shiga, amma an yi wa rabin tarihin mutumin hidima an bar ɗaya rabin a rafke: ɓangaren ƙungiyoyinsa ya fito tsaf, na wasanninsa na ƙasa da ƙasa kuwa an yi masa gaggawar da ba ta dace da shi ba.

Game da wurin kansa babu dogon bayani. Rumfa ce ta kwano mai faɗi, da bencunan katako marasa majingina, da fankoki a sama, da allo babba a gaba wanda ake haska shi da majigi. Kuɗin shiga daidai yake da na kallon wasan Firimiya na yau da kullum. Akwai sola da batura, don haka ɗauke wuta ba ya katse kallo, kuma babu ƙarar janareta da za ta danne muryar mai sharhi. Ana farawa bayan sallar isha'i, ana tashi da wurin da mai komawa Palladan ko Hanwa ko Kwangila zai iya samun abin hawa. Zafin kwano yana damun na tsakiya, kuma wanda ya zauna a bencin ƙarshe yakan rasa ganin lambar da ke bayan rigar ɗan wasa, musamman a hotunan shekarun 1980 da suka ɗan dusashe.

Abin da ya ɗaga darajar shirin shi ne mai sharhin, wani matashi ɗalibin jami'a da aka ce shi da kansa yana taɓa buga zari-ruga. Ya san cewa kusan duk wanda ke zaune a gabansa ɗan ƙwallon ƙafa ne, saboda haka bai saki wasa ko ɗaya ba sai da ya shimfiɗa dokoki. Ya nuna cewa ba a miƙa ƙwallo da hannu zuwa gaba, sai baya ko gefe. Ya nuna cewa ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da damar a kayar da ita sau shida, idan aka cika na shidan ba ta ci ba sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, shi ya sa ake yawan bugun ƙafa bayan kayarwa ta biyar. Dire ƙwallo a bayan layin abokan karawa maki huɗu ne, bugun ƙari da ke biyo baya maki biyu, bugun laifi maki biyu, bugun da ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a doke ta tsakanin turaku kuwa maki ɗaya. Ya tsayar da hoto ya ƙirga mana 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya ware ƙarfafan gaba shida da masu gudu bakwai na baya, ya nuna inda ɗan gefe yake tsayawa, can dab da layin fita. Cikin ɗan lokaci sai ga mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba suna ƙirga kayarwa da baki tare da shi. Wannan ƙwarewa ce ta koyarwa, kuma ita ce ta sa sauran dararen suka yi ma'ana.

Ya kuma yi abin da ya kamata da ya kawo tarihin rabuwar zari-ruga gida biyu, domin in ba da shi ba ba za a fahimci matakin farko na rayuwar Offiah ba. A ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila suka haɗu a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar, saboda 'yan wasansu leburorin masaƙu ne da na ramukan kwal, kuma suna son a biya su ladan aikin da suke rasawa ranar Asabar idan sun je wasa. Hukumar ta ƙi, ta ce wasa na sha'awa ne ba na kuɗi ba. Daga nan aka samu lig, wadda ta rage 'yan wasa zuwa 13 a 1906, ita kuwa tsohuwar ta 'yan 15 ta ci gaba da haramta albashi har zuwa 1995. Offiah a ɓangaren 'yan 15 ya taso, a makarantar kwana ta Woolverstone Hall da ke Suffolk, sannan a ƙungiyar Rosslyn Park ta Landan. Lokacin da kocin ƙungiyar lig ta garin Widnes, Doug Laughton, ya ga gudunsa a gasar 'yan bakwai-bakwai ta Middlesex a 1987 ya ɗauke shi, yaron ya san cewa ƙofar komawa ta rufe masa, domin a zamanin duk wanda ya karɓi kuɗin lig an kore shi daga wancan ɓangaren. Matashin Landan ne ya tattara ya koma ƙaramin garin masana'antu a arewa, zuwa wasan da bai taɓa bugawa ba. Da mai sharhin ya faɗi haka, na ga fuskokin mutane sun sauya, sun fara kallon yaron da ke kan allo a matsayin wanda ya yi kasada da rayuwarsa.

Daren Widnes shi ne mafi kyawun tsari a shirin gaba ɗaya. An nuna yadda ya dire ƙwallo sau 42 a kakarsa ta farko, ta 1987 zuwa 1988, Widnes ta ɗauki kofin lig, shi kuma aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan shekara ta 1988. An nuna wasan da ya yanke hukuncin kakar da ta biyo baya, wanda Widnes ta doke Wigan a filin Naughton Park a watan Afrilun 1989, Offiah ya dire uku, kofin ya sake zama a garin. A wannan kaka ya dire wa Widnes sau 58, adadin da ya zama tarihi a ƙungiyar. Mafi muhimmanci, an saka dogon yanki na karawar zakarun duniya ta watan Oktoban 1989 a Old Trafford, tsakanin Widnes da Canberra Raiders ta Ostireliya. Canberra ta fara yin gaba da maki 12 da nema, Widnes ta farfaɗo ta ci 30 da 18, Offiah ya dire biyu. Saboda an bar wasan ya yi tafiya ba tare da yanke-yanke ba, mai kallo ya ga abin da gajerun hotunan intanet ba sa nunawa: yadda ƙarfafan gaba ke shan duka suna cin taku bayan taku, yadda ake jan masu tsaro zuwa tsakiya har gefe ya buɗe, da yadda Offiah ba ya tsayawa jiran ƙwallo a layinsa, sai ya bi bayan duk abokinsa da ya fasa tsaro domin ya karɓa ya ƙarasa. Wannan ɗabi'a ta bin sawu ita ce sirrin yawan cinsa, ba gudu kaɗai ba, kuma mai sharhin ya maimaita hoton a hankali har sai da kowa ya gani. A shekaru huɗu da ɗoriya da ya yi a Widnes ya dire sau 181 a wasanni 145.

Daga nan aka shiga zamanin Wigan, inda gidan ya fi cika, domin labari ya riga ya bazu a unguwa. A watan Janairun 1992 Wigan ta saye shi a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasan lig ba a duniya a lokacin. Matasan da suka saba jin miliyoyin ƙwallon ƙafa sun raina adadin, sai mai sharhin ya tunatar da su cewa lig wasa ne na garuruwan ma'aikata, kuma ba a wuce wannan adadi a tsabar kuɗi ba sai a 2006, lokacin da Wigan ɗin ta biya fam 450,000 kan wani ɗan wasa, Stuart Fielden. Wigan ta wancan zamani ita ce mai mulkin wasan, ta ɗauki kofin ƙalubale, wato gasar da duk ƙungiyar da aka ci take fita, sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995, huɗu na ƙarshe tare da Offiah. A wasan ƙarshe na 1992 a Wembley ya dire biyu a kan Castleford, aka tashi 28 da 12, aka ba shi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan. Bayan ɗan lokaci, a watan Mayun shekarar, ya dire goma shi kaɗai a wasa guda, ranar da Wigan ta lallasa Leeds da ci 74 da 6 a Central Park. An nuna goman duka a jere, mutane suna ƙirgawa da ihu. Na so a ce mai sharhin ya ƙara tsayawa kan Gene Miles, ɗan Ostireliyan da ke kusa da shi a layi, wanda da yawa daga cikin waɗannan ƙwallaye daga hannunsa suka fito, amma ya ambace shi, kuma ya faɗi cewa Shaun Edwards shi ma ya dire goma a wasan Swinton a cikin shekarar, su biyun ke riƙe da wannan tarihi a Wigan.

Ƙololuwar daren ita ce direwar wasan ƙarshe na 1994, Wigan da Leeds a Wembley. Leeds ce ke kan gaba kuma ta matse Wigan a bakin layinta. Frano Botica ya miƙa wa Offiah ƙwallo a can ƙasan fili, ya ratsa ta tsakiya, ya bar masu tsaro a baya, ya rage saura mutum ɗaya a gabansa, Alan Tait, mai tsaron ƙarshe na Leeds. Ya yi kamar zai shiga ciki, Tait ya ɗan dakata, sai ya karkata waje ya wuce shi ya dire a kusurwa, sannan ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. A nan mai sharhin ya nuna zurfin saninsa. Ya faɗa mana cewa Tait tsohon abokin wasansa ne a Widnes, wanda ya san gudunsa fiye da kowa, kuma kocin Leeds a ranar shi ne Doug Laughton, mutumin da ya kawo shi lig tun farko. Wigan ta ci 26 da 16, Offiah ya dire na biyu, ya sake karɓar kyautar Lance Todd. Wani dattijo da ke bencin gaba, wanda kowa ke kira Baba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah a maimaita mana, ban ga inda ƙafarsa ta juya ba." Mai sharhin ya ce, "To Baba, ga shi nan a hankali," aka mayar da hoton. Irin wannan sauraren mai kallo ba a samunsa a talabijin, kuma shi ne abin da mutum ke biya a wannan gida.

Matsalar ta fara ne da aka zo wasannin ƙasa. Offiah ya buga wa Birtaniya, wato haɗaɗɗiyar tawagar Ingila da Wales da Scotland, wasa 33 ya dire sau 26, ya kuma buga wa Ingila wasa 5 ya dire sau 8. Duk wannan aka cusa shi a dare guda, kuma aka sauya salo: maimakon dogayen yankuna irin na Widnes da Canberra, sai aka jero direwa bayan direwa, kowace 'yan daƙiƙoƙi, babu abin da ya gabace ta babu abin da ya biyo bayanta. Kamar a tsince wa baƙo naman miya ne a ce ya ci tuwon gidan. An nuna biyar ɗin da ya dire wa Faransa a Headingley a 1991, an yi tafi, amma Faransa a lokacin ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin ɗan wasan lig na Birtaniya a wancan zamani shi ne Ostireliya, kuma labarin karawarsu labari ne na nasarar wasa ɗaya da rasa jerin wasanni ukun da ake bugawa a kowace karawa. Rabon da Birtaniya ta cinye jerin karawa da Ostireliya tun 1970, kuma duk tsawon zamanin Offiah hakan bai sauya ba. Wanda ya fita daga gidan kallon a wannan dare zai ɗauka cewa mutumin bai taɓa shan kaye ba, alhali mafi nauyin ɓangaren tarihinsa yana cikin waɗannan wasanni da aka tsallake.

Abin da ya kamata a nuna yana nan, kuma yana da daɗin kallo. A watan Yulin 1988 a Sydney, bayan Ostireliya ta riga ta cinye wasanni biyu na farko, Birtaniya ƙarƙashin koci Malcolm Reilly ta ci na uku 26 da 12, nasararta ta farko a kan Ostireliya cikin shekaru goma, kuma Offiah ne ya buɗe direwa. An nuna tasa kawai, aka bar dogon gudun Mike Gregory da ya rufe wasan. A 1990 Birtaniya ta ci wasan farko a Wembley 19 da 12, Offiah yana cikin waɗanda suka dire, har mutane suka fara sa ran cewa jiran shekara ashirin ya ƙare. A wasa na biyu a Old Trafford ana kunnen doki 10 da 10 lokaci na gab da cika, sai Ricky Stuart ya fasa daga can ƙasan filinsu ya miƙa wa Mal Meninga ya dire, aka tashi 14 da 10, Ostireliya ta kuma ci na uku 14 da nema. Ko kalma ɗaya ba a yi kan wannan ba. A 1992 an nuna direwarsa a Melbourne, daren ruwan sama da Birtaniya ta ci 33 da 10, amma ba a faɗi cewa Ostireliya ta ci na farko a Sydney da na uku a Brisbane ba. Wasan ƙarshe na kofin duniya a Wembley a watan Oktoban 1992, gaban 'yan kallo fiye da 73,000, wanda Steve Renouf ya dire ƙwallo ɗaya tilo Ostireliya ta ci 10 da 6, an wuce shi da jimla guda. Haka na 1995, da Ingila ta sha kaye 16 da 8 a hannun Ostireliya a filin nan dai.

Na ɗauki wannan da muhimmanci saboda dalilai biyu. Na farko adalci ne ga ɗan wasan. Mutumin da ya dire goma a kan Leeds da aka riga aka karya ba shi ne cikakken Offiah ba. Cikakkensa shi ne wanda ya tsaya gaban mafi ƙarfin tsaro a duniya, wani lokaci ya wuce, wani lokaci a rufe masa hanya a tura shi waje, ya jira ƙwallo rabin wasa ba ta iso gefensa ba saboda an danne 'yan gabansu. A nan ne mai kallo zai gane cewa ɗan gefe, komai gudunsa, yana cin abin da 'yan tsakiya suka samar masa ne. Na biyu kuwa adalci ne ga masu kallo. Mutanen Zariya ba baƙin wasa ba ne, sun san ɗacin rasa wasan ƙarshe, kuma da an ba su wasan Old Trafford na 1990 cikakke, ina da yaƙinin da an fi yin muhawara a kansa a bakin mai shayi fiye da duk direwar da aka jera. Na gaya wa mai gidan haka bayan an tashi. Ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Gaskiya ne Malam, amma yara sun fi son inda ake gudu, idan wasa ya yi tsawo tashi suke yi." Na fahimci lissafinsa na ɗan kasuwa, sai dai daren Canberra ya riga ya ƙaryata wannan tsoro, domin a ranar babu wanda ya motsa daga bencinsa.

Akwai kuma wani abu da ke buƙatar gyara a tallan shirin. Allon da aka jingine a bakin ƙofa an rubuta masa da alli cewa a zo a ga ɗan Najeriya da ya gagari Turawa. Ba laifi a yi alfahari da asalinsa, kuma babu shakka wannan asali ne ya sa aka fara da shi. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo sun zaci rigar Najeriya ya saka, har wani yaro ya tambaya ko ya taɓa ci mana kofi. Mai sharhin ya amsa daidai, ya ce Birtaniya da Ingila ya buga wa, domin can aka haife shi kuma a zamaninsa babu wata tawagar lig ta Najeriya da ke shiga gasa. Da ya ƙara da cewa yanzu akwai ta, kuma ta ɗauki kofin yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka da aka buga a Legas a 2019, tare da Ghana da Kamaru da Maroko, sai na ga matasa sun miƙe zaune suna tambayar inda ake koyon wasan. Wannan bayani bai kamata ya jira sai an yi tambaya ba. Wurinsa farkon shiri ne, kuma rubutun allon ƙofa ya kamata ya daidaita da shi.

Shekarun ƙarshe an wuce su da sauri, kuma a nan ban ga laifi sosai ba, sai dai guri ɗaya. An ambaci zamansa na ɗan lokaci a Ostireliya, a ƙungiyar Eastern Suburbs a 1989 da 1993 da kuma ƙungiyar St George a 1991. An ambaci komawarsa gida Landan a 1996, shekarar da aka kafa gasar Super League aka mayar da kakar wasa zuwa bazara, inda ya shiga London Broncos, ya kuma taɓa buga wa Bedford ta 'yan 15 tun da an ɗage tsohuwar haramcin. Gurin da na so a tsaya shi ne wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 1999, na ƙarshe da aka buga a tsohon filin Wembley, inda Offiah ya fara dire wa Broncos amma Leeds ta juyo ta ci 52 da 16. Shi ma direwar kawai aka nuna, ba a faɗi sakamako ba, cutar nan dai ta ɓoye shan kaye. Daga nan ya koma Salford, inda ya cika direwa ta 500 a 2001, ya rufe tarihinsa na lig da 501, adadin da Brian Bevan mai 796 da Billy Boston mai 571 kaɗai suka wuce shi a wasan Birtaniya. An ba shi lambar girmamawa ta MBE a 1997, aka shigar da shi zauren gwarazan wasan a 2013, kuma yana cikin mutum biyar da aka yi wa mutum-mutumi a harabar Wembley a 2015, tare da Boston da Eric Ashton da Alex Murphy da Gus Risman. Mai sharhin ya kawo waɗannan alƙaluma daidai, daga takardar da ya rubuto da hannunsa, kuma ban kama shi da kuskuren shekara ko na sakamako ba a duk abin da ya faɗa. Aibin shirin yana cikin abin da aka bari, ba cikin abin da aka faɗa ba.

Sauran ƙananan abubuwa na gyaruwa cikin sauƙi. Lasifikar mai sharhi da sautin wasan suna fita ta akwati ɗaya, don haka idan 'yan kallon Wembley suka ɗauki ihu sai muryarsa ta nutse a daidai lokacin da ake buƙatarta. Ingancin hotuna bai daidaita ba, na Wigan sun fito fes, wasu na 1988 kuwa da ƙyar ake bambance ƙwallo da laka. Babu jadawalin da aka manna a bango da zai nuna wane ɓangare za a yi a wane dare, sai mutum ya tambayi yaron da ke karɓar kuɗi a ƙofa, kuma shi ma ba kullum yake sani ba. Wanda ya shigo a tsakiyar shirin ba a maimaita masa dokoki, abin da takarda guda da aka rubuta su da Hausa aka liƙa kusa da allo za ta magance. A ɓangaren tsari kuwa gidan ya yi ƙoƙari: an hana shan taba a ciki, ba a barin ƙananan yara su kai dare, akwai wanda ke gadin babura a waje, kuma ban ga caca ko hayaniyar da ta wuce ta murna ba.

Wanda zai fi amfana da wannan shiri shi ne mai son wasa da bai san zari-ruga ba, da malaman motsa jiki na makarantun sakandare, da matasa masu gudu da ba su samu gurbi a ƙwallon ƙafa ba. Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce kada ya rasa daren farko, domin a nan ake shimfiɗa dokoki, kuma ya je da wuri ya samu benci na uku ko na huɗu daga gaba, ta ɓangaren da mai sharhi ke tsayawa. Wanda ya riga ya san wasan zai ji daɗin dararen Widnes da Wigan, amma zai fita daga daren wasannin ƙasa da ƙishirwa. Mai gidan ya ce za a sake zagayo da shirin bayan an dawo hutun jami'a, kuma na roƙe shi ya raba wasannin ƙasa zuwa dare biyu, ya saka wasan Old Trafford na 1990 da wasan ƙarshe na kofin duniya na 1992 daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe.